Mai Jirgi a Garin da Babu Teku

Gulbin Maraɗi wata uku yake aiki,
sauran tara yashi ne da sawun shanu.
A bakinsa aka haifi Nomau Ɗan Ladi,
wanda ya mutu yana da jirgin ruwa.

Na san shi yana awon gujiya da tiya,
rigarsa ɗaya;
ranar wanki sai a ce yana zazzaɓi.
Jaki biyu. Sai tsohuwar kamyo da Bature ya gaji da ita.
Sai tara. Sai muka bar ƙirga.
Ni ne yaron mota a ta fari,
ni ke cusa weji in ta yi tari a tudu.
Daga baya ya miƙo mini makulli, bai dube ni ba.

Doso, Gaya, gada, Faraku, Kwatanu.
Mu gangara da wake da fata,
mu hauro da gishiri da siminti,
ɗan duwan na shafa buhu yana kallon aljihuna.

Ranar da ya fara ganin teku ina bayansa.
Ya dafe hula.
Ya ce, Shaibu, wannan duka ba mai shi?
Na ce, sai Allah.
Ya ce, to, abin da ke yawo bisa fa?

Damina huɗu, ya saye shi.
Baƙi, tsatsa har wuya,
aka rubuta sunan uwarsa a goshinsa da farin fenti.
Bai taɓa shiga ba.
Ƙafata ta tudu ce, in ji shi.
Hoto ya rataye a kanti, sama da sikeli,
mutanen ƙauye na tambaya ko masallacin wani gari ne.

Shekarar da gero ya ƙi,
jirgin ya zo da masara, muka kwana goma ba barci.
Ya buɗe sito, ya zauna a kan turmi,
kowace mace tiya uku, ba a rubuta suna.
Ya gina likita a Bagalam,
ya ja famfo,
ya gina lakwal aji shida,
shi da ke sa hannu da babban yatsa.

A taron 'yan kasuwa gyangyaɗi yake,
sai an ambaci jika ya buɗe ido ɗaya.
Da ya nemi kujera, garin da ya ci masararsa
ya zaɓi wani mushe mai keke.
Ya yi dariya har ya share hawaye:
ashe ciki ba ya jefa ƙuri'a.

Amma ku bari in ƙarasa.
Taya ta fashe mini kusa da Kwanni,
wata biyar yana yanke ta daga albashina.
Ɗan Jimo ya kife da siminti a Gaya,
aka kai wa matarsa buhu biyu da gaisuwa.
Da muka ajiye makullai muna neman ƙari,
bakwai ya kora kafin la'asar.
Ni na ɗauki nawa makullin. Ina da 'ya'ya.

Kuma a likitarsa aka ciro Rakiya daga cikin uwarta,
su biyun da rai,
ba a karɓi ko dala ba.

To, ku da kuka iya awo,
ku faɗa mini tiyar da za ta ɗauki wannan.
Na gwada. Kullum sai ta zube ta gefe.

An ce magada sun sayar da jirgin,
an yanka shi, an auna a kilo.
Hoton ya koɗe, teku da sama sun zama abu guda.
Ni ma idona haka.

Da safe nakan zauna kusa da famfon.
Yara na turo kura, jarka na karo da jarka.
Famfon Jirgi suke ce masa.
Jiya na tambayi wata ƙarama, wane jirgi?
Ta ɗaga kai ta duba sama,
ta ce, Baba, matsa, kana jiƙewa.