Waya Mai Komawa Baya

A bayan Katako, inda ake auna tsatsa da kilo,
nan rumfar Baba Arzika take:
kwano uku, benci ɗaya, warin dalma.
Can ya ciro kwalbar daga gawar wata rediyo
wadda ta girme ni nesa ba kusa ba,
ya goge ta da bakin riga, ya ɗaga ta ga rana,
ya ce, da sauran ranta.

Na ce, Baba, mu nemo ta biyu
su yi lugude a turmi ɗaya,
wannan ta ɗaga, waccan ta sauke.
Ya ce, a'a, Hamsatu. Ɗaya tak.
Ita za ta ɗauki muryar, hawa da gangara.
Ko ana kiɗa ko an yi tsit tana cin wuta,
kamar murhun mai shayin bakin tasha.
Wat huɗu za ta ba ki in ta ga dama,
sauran duk zafi ne.

Muka kwance taransifo.
Ya yagi takarda daga tsohon littafin lissafina
ya cusa tsakanin ƙarafan.
Bar masa ƴar kafa ya numfasa,
in ba haka ba kuran zai cika masa ciki
ya kasa haɗiye muryar ganga.

Na auna: ɗari biyu da hamsin a ka,
bakwai a ƙafa.
Zaren ciki ya yi ja kamar garwashin asuba.
Murya ta fito da ɗuminta,
sai dai da ƙaiƙayi a gefe,
gero mai kyau da ba a sheƙe ba.

Sai ya ɗauko waya siririya
daga bakin lasifika, ya koma da ita baya,
can wajen ƙofar shiga.
Kaɗan daga abin da ta faɗa za ki mayar mata,
amma a juye,
ta ji kanta kafin ta ƙarasa magana.
Za ta rage ƙarfi. Za ta rage ƙarya.

Ya ɗiga dalma, ya kunna.
Wani fito ya tashi, siriri,
sauron da ya haɗiye allura.
Haƙorana suka mutu. Akuyar maƙwabci ta tsinke igiya.
Baba na murmushi, yana kaɗa kai,
yana cewa, kin ji ko? Ta wanku.

Shekara arba'in kunnensa na jingine da lasifika.
Ranar na san abin da suka karɓa a hannunsa.

Da ya tashi alwala na sauya wayoyi biyu.
Fiton ya mutu. Ban ce komai ba.

Daga nan na zama wayar.
Baba, akwai gurnani. Baba, sama-saman ya tsage.
Baba, ba haka ba ne.
Kafin wata ya ƙare ya daina magana a rumfa,
sai miƙo min wancan, sai sannu.
A satin ne na matse rezistansi ƙwarai,
na mayar da kusan komai baya:
sauti ya fito fes, babu tabo,
busasshe kamar gindin Gulbin Kwara a bazara,
ba mai tsayawa ya saurara.

Na cire. Na sa babba, mai zobe ja biyu da ruwan goro.
Ƙaiƙayi kaɗan ya dawo.
Na bar shi.

Jiya da magariba muna jin wata tsohuwar gurmi
aka ɗauke wuta, Yamai ta yi duhu har gada.
Kwalbar ba ta mutu nan take ba.
Kiɗan ya ƙara taku biyu da abin da ya rage a ciki,
ja ya koma toka.
Baba bai daina kaɗa kai ba.
Na ƙirga har goma sha ɗaya
kafin na taɓa masa kafaɗa.