Ruwa Na Uku

Shekarata ta farko a Kunming
harshena ya fi ƙafata yawo.
Can ƙarshen lungun masu furanni
tsoho Duan ke da shago,
faɗinsa bai kai tabarma uku ba.

Ruwan sama ne ya koro ni ciki.
Ya nuna mini kujera da haɓa,
ya kwarara ruwan zafi kan ganye,
ya tsiyaye, sai ya juye shi duka
a kan wani kwaɗon yumɓu mai murmushi.
Na ce a raina, ikon Allah,
kwaɗo na sha, baƙo na kallo!

Kofin kamar murfin kwalbar turare.
Na kwatanta sukari da yatsu,
ya yi dariya har tabarau ya zame.
Na kurɓa. Bauri.
Na haɗiye don kunya.

Amma na koma.
Na sha kore, mai ɗanɗanon ɗanyen wake,
na sha wanda aka kwantar da furanni
har ya tashi da ƙamshinsu a jiki.
Akwai wani a dunƙule,
Allah ya yafe mini, kamar kashin awaki,
ka ba shi ruwa, ya yi miƙa,
ya buɗe har ya cika buta.
Akwai fari, wanda na rantse ruwa ne kawai
sai da na kai tashar bas
zaƙinsa ya biyo ni maƙogwaro.

Sai baƙin nan, daskararre kamar daddawa,
naɗe a takarda, ya girmi ƙanwata.
Duan ya ɓantare shi da tsinken ƙarfe.
Na farko na ƙura ne, in ji shi,
na biyu gaisuwa,
a na uku ganye ke faɗin gaskiya.
A na uku na ji ƙasa,
ƙasar da ruwan fari ya taɓa,
na ajiye kofi, na juya ina kallon titi
don kada ya ga idona.

Wata Asabar na zo da ƙullina:
citta, kanumfari, masoro.
Na tafasa har tukunya ta yi baƙi,
na ɗaga hannu sama na zuba, kumfa ya tashi.
Duan ya kurɓa, ya yi tari,
ya share hawaye da bayan hannu,
ya ce wannan ba shayi ba ne, faɗa ne.
Matarsa Guifen ba ta ce komai ba,
ta miƙo kofi a karo na biyu.

Yanzu ina gane dutsen da ganye ya fito,
ko dai ina cika baki.
Ina ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan.
Kwaɗon ma mun saba.

Sai dai in dare ya yi, sanyi ya shigo,
nakan rufe ƙofa,
in fasa gwangwanin madara,
sukari cokali uku,
in tsoma burodi har ya nutse.
Kada wanda ya gaya wa Duan.