Tsiro

Kwana uku ina riga ladan tashi
in ɗaga jiƙaƙƙen buhun da na lulluɓe shinkafa,
in yayyafa ruwa da tafin hannu
kamar mai yi wa jinjiri wanka.
Ran na huɗu sai fararen bakuna
su leƙo daga kowace ƙwaya.
Inna ce ta koya min.
Ta ce zaƙin kunu yana kwance cikin hatsin,
sai wadda ta iya lallashi yake fito wa.

Lahadin nan na je kasuwar Mai'aduwa.
Tsalha mai awo ya hango ni,
ya duƙa yana gyaran bakin buhun da bai kwance ba.
Na ce nawa tiyar shanshera?
Ya faɗa. Na tuntsire da dariya,
na ɗauka wasan taubashi ne.
Shi bai dara ba.
Ya ce taki, ya ce mai, ya ce kuɗin mota,
ya ce gonakin yamma da ba a shiga,
yana lanƙwasa yatsu har hannu ɗaya ya ƙare.
Na kwance bakin zane na ƙirga sau biyu.
Abin da ya auno uku bara
ɗaya da rabi ya auno,
ya ƙara min tafi guda, wai don Inna.

Gero ma ya yi fiffike.
Citta sai a leƙa a wuce,
kanumfari ƙirga shi nake kamar tsabar carbi.

Kuluwa ta miƙo kai ta katanga:
Tabawa, ke dai da son wahala!
Ga sakarin, ƙulli ɗaya ya isa randa.
Ba jiƙo, ba shanya, ba tashin asuba.
Na karɓa. Ƙarya ba ta da amfani, na zuba.
Ya yi zaƙi, zaƙin da ke tsayawa a bakin ƙofa,
sai ka haɗiye wani ɗaci ya biyo baya.
Barau tela, shekara goma sha ɗaya yana shan kununa,
ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kwanon kan keke,
ya ce da Hanne, mamarki ba ta da lafiya ne?
Ko da yarinyar ta kawo min saƙon
ina tsaye da muciya a hannu.
Sauran ƙullin yana nan bayan kwalla,
ban yar ba, ban kuma sake taɓawa ba.

To sai na rage ludayi.
Na ɗauko ƙaramin, na raba wa yara da,
shi ya zama na ciniki.
Masu babur a tashar Zango
suna ɗaga gora sama suna duban rana ta ciki,
suna cewa Hajiya ta fara gina bene.
Wane bene? Indararon ɗakina
da igiya yake ɗaure tun damina waccan.

Da dare in zauna da lissafi.
Itace, niƙa, ƙanƙarar gidan Alhaji Mudi,
gorunan da Hanne ke tsintowa mu wanke.
In na cire wannan na cire wancan
abin da ke saura ba ya cika tafin da Tsalha ya ƙara min.

Yau ma na tashi. Wata bai faɗi ba.
Ɗan abin da na jiƙa ko rabin tabarma bai rufe ba,
amma ya tsiro, fari sol,
yana wannan ƙamshi na ƙasa bayan ruwan farko.
Na shanya shi a tsakar gida da hantsi.
Jar kazata ta taho tana rangaji
yadda ta saba, ta ɗauki zakkarta.
Shekara nawa ina kallonta ina kyalewa.
Yau na tsinci kaina da takalmi a hannu,
ina bin ta har bakin zaure
saboda ƙwaya huɗu.