Leda Uku

Daren da Inna ta kwanta a Lamorde,
likita ya ce jini, leda uku, kafin asuba.
Namu bai dace ba.

Agali ya zo, mai gadin shagon taya,
wanda Kawu ya hana ɗakin haya,
wai ba a san asalinsa ba.
Ya naɗe hannun riga, bai ce uffan ba.

Sai Tinni mai kifin Gamkalle,
sai Lompo, da gicciye a wuya.

Na ƙura wa ledojin ido:
babu mai jin Zabarmanci,
babu mai rawani. Ja ne kawai.

Yau Inna na daka a tsakar gida.
Kawu, cikin ukun nan,
wanne ke ɗaga taɓaryar?