Riƙon Sifirin

Mode Mai Waya, a Gawon Nama,
da haƙori ya koya mini aiki:
fere kan waya, tofar da roba,
murɗe biyu kamar mai tufkar igiya,
naɗe da baƙin tef, ka yi bisimilla.
Shekara guda tef kan yi,
zafin Sakkwato ya lashe danƙonsa,
ya saki baki can cikin silin
inda babu shaida sai ɓera.

Sai noti ya zo, cikin farin tangaran.
Muka ce an gama.
Na ɗaure shi har jijiyar wuyana ta tashi,
har sukudireba ta ci tafina.
Ban san jan ƙarfe na numfashi ba:
da azahar ya kumbura,
da asuba ya tsuke,
noti kuwa yana nan inda na bar shi,
ya yi alkawari sau ɗaya, ya yi barci.

Shagon Jabbi tela, bayan Tsohuwar Kasuwa,
daren jajibirin salla.
Ni na haɗa wayar.
Shadda goma sha ɗaya, keke biyu.
Bai kai ni ƙara ba. Har yau yana gaishe ni,
kuma gaisuwar ta fi sammaci nauyi.

Bara Kulu, ɗiyar ƙanena,
ta dawo daga makarantar fasaha
da wani abu cikin aljihun jaka,
bai kai ƙwallon dabino ba.
Na ce, “Wanga ɗan abu ka riƙe wuta?”
Ta ɗaga ɗan hannunsa na ruwan goro,
ta zura waya, ta mayar: ƙyas.
Ta ce, “Baffa, ja.”

Na ja.
Na taka da ƙafa na ja.

Da dare na fasa ɗaya da filaya,
don ba na yarda da abin da ban ga cikinsa ba.
Ɗan ƙarfe ne kawai, lanƙwasasshe,
kamar mai ruku'u da bai ɗago ba.
In waya ta kumbura, ya ja baya kaɗan,
in ta tsuke, ya bi ta.
Janareta ya girgiza bango, yana nan.
Ba ya ɗaurewa ya tafi,
turawa yake, dare da rana, ba hayaniya.

Shekara arba'in ina zaton
riƙo ƙarfin damtse ne.

Yanzu hannuna na rawa,
noti na faɗuwa daga yatsuna.
Kulu ke hawa tsani a Mabera,
ni ina ƙasa, ina miƙa mata.
Gobe za mu shagon Jabbi.
Ban gaya masa ba tukuna.
Na ware guda ashirin cikin gwangwanin madara,
kuma ba zan karɓi ko sisi ba.