Gwajin Riga

Ƙarfe goma na safiyar Talata a birnin Porto,
ruwan sama ya kwana yana zuba a kogin Douro.
Ermelinda ta goge tabarau da gefen rigarta,
ta ture kofin gahawa nesa da kwamfuta,
ta rufe taga saboda kukan tsuntsayen teku,
ta kashe rediyo, ta kori kyanwa.

Saurayin da ya bayyana a allo, Valdemar sunansa,
daga Lisbon yake magana, gemunsa bai gama fitowa ba.
Ya ce, "Ba ke muke gwadawa ba, Dona Ermelinda,
manhajar kantin magani muke gwadawa.
Ki sayi maganin hawan jini kamar ba na nan.
Duk abin da ya zo miki a rai, ki faɗa da baki."

Ta yi dariya.
Shekara arba'in da ɗaya tana ɗinki
a wani lungu bayan kasuwar Bolhão,
ta san irin wannan zama.
Mace ta tsaya gaban madubi, riga na cin hammatarta,
a ce, "Yaya?" ta ce, "Ta yi, ta yi ƙwarai,"
don kunya, don kada ran tela ya ɓaci.
Rigar ta tsufa a akwati ba a sa ta ba,
tela kuma bai koyi komai ba.

"To," in ji ta, "ina neman inda zan rubuta sunan magani.
Ga wani ɗan hoto, ban san ko shi ne ba.
Na danna. A'a, ya kai ni wurin man shafawa.
Zan koma baya. Ina bayan yake?"

Valdemar bai ce uffan ba, alƙalaminsa kawai ke tafiya.
Shirun ya yi mata nauyi,
har ta buɗe baki za ta ce laifin idona ne, laifin tsufa,
sai ta tuna da hammata.

"Rubutun nan ya fi kafar allura ƙanƙanta,
ga shi toka-toka a kan fari.
Madannin biya ya ɓuya ƙarƙashin talla
kamar maɓallin da ya faɗa bayan keken ɗinki.
Kun tambaye ni ranar haihuwata sau biyu.
Ɗana, ba a sake haifata ba tsakanin shafi da shafi."

"Me kika zata zai faru da kika danna?"
"Na zata zai ce an karɓa. Ya yi gum.
Ko yaron shago yakan ce an gode."

"Kina ganin sauran masu shekarunki..."
"Ni dai nawa na sani.
Ka nemi Graciete ta bene na uku,
hannunta na rawa, nata labarin daban."

Can ta ɗaga yatsa.
"Abu guda ya yi mini: ya tuna adireshina.
Wannan ɗinkin ku bar shi, kada ku farke."

Minti arba'in da biyar.
Ba ta sayi maganin ba.
Ya yi godiya har sau uku,
ya ce yuro ashirin da biyar na nan tafe,
ya juyo mata takardarsa ta gani:
layi, da'ira, alamar tambaya,
kamar zanen alli a kan yadi kafin almakashi ya shiga.

Ta gyaɗa kai. Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo,
amma sai ya nuna da yatsa magini zai hau.

Ta rufe kwamfuta, ta ɗauki lema,
ta gangara matakala a hankali, gwiwa na ƙara,
zuwa kantin magani na bakin titi,
inda ake ce mata an gode.