Cokalin Hannun Hagu

A Tsubame dusar ƙanƙara ta kai gwiwa,
amma maƙerar Tokuji ba ta san hunturu ba.
Shekara uku ina share masa garin tagulla
kafin ya bar ni in taɓa masaba.

Yakan ce, "Ryohei, kasa kunne.
Tagulla takan yi ƙorafi kafin ta tsage.
In muryarta ta bushe, mai da ta wuta,
tsoma ta a ruwa,
sai ta sake yarda da kai."
Ni dai ƙara kawai nake ji.

A kakar bara hannun daman Shigeno ya mutu
ya bar ta da rai.
Tsinkayen cin abinci, abokanta tun tana rarrafe,
suka zame daga yatsunta, ɗaya ya gangara ƙarƙashin tebur.
Da ya kai mata loma, ta kau da kai.
Matar da ta ciyar da shi shekara arba'in da shida
ba za a ba ta a baki ba.

Ya rufe ƙofar shago.
Masu sayen kaya daga Osaka suka yi ta bugo waya, ko oho.
Ya sa na ɗaure masa dama a baya da igiyar buhun gawayi,
kwana tara yana ci da hagu,
miyar miso na bin gemunsa,
har ya gano inda wuyan cokali ya kamata ya karkace.

Goma sha ɗaya ya ƙera, ya watsar a akwatin narki.
Na sha biyu ya bar masa sawun guduma a mariƙi,
ƙananan ramuka, don babban yatsa ya sami wurin zama.

Ta ɗebi kunun shinkafa.
Hannu na rawa, muna kallon ƙasa.
Ya isa.
Ta haɗiye, ta juya shi, ta dube shi kamar kifi a kasuwa,
ta ce, "Ya yi nauyi."

Ranar na fara jin dariyar maigidana.
Ya ɗauki magagari ya koma.

Yanzu cokalin ya yi duhu kamar tsohon shayi,
sai wuri ɗaya da ke ƙyalli, daidai yatsanta.
Jiya na ɗauko ƙyallen gogewa.
Bai ko ɗago kai ba ya ce,
"Bar shi. Ita ke ƙarasa aikin."